Alkawarin Tudun Numfashi

Da sunan Allah Mai rahama, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya ba kifi ruwa, ya ba tsuntsu iska, ni kuwa ya ba ni baki. Ku matso, jama'a. Mai tabarma ya shimfiɗa, mai buzu ya baje, wanda ba shi da ko ɗaya ya zauna a kan takalminsa. Ni ne Nomau ɗan Tanko, mutumin Rafin Gwaza, wanda ya bi duniya har inda rana ke wanke fuska kafin ta fito, ya kuma dawo da kansa a bisa wuyansa.

Tun ina ƙarami bakina ba ya rufuwa. Abin da idona ya gani, harshena ya riga ya faɗa kafin hankalina ya iso wurin. Wata rana dagacinmu ya yi sabon doki, ya ce kowa ya faɗi abin da ya gani. Kowa ya yaba. Ni kuwa na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi kuna kama, har haƙoran." Na sha bulala har na daina gane gabas. Ina kwance ina jinya sai wani tsohon falke ya leƙo ya ce mini, "Samari, na ji labarin wata ƙasa can bayan Kogin Shuni, inda talaka zai dubi sarki ya ce masa ka yi kuskure, ya juya ya tafi gida ya ci tuwonsa lafiya." Ban tsaya tambayarsa ko ya taɓa zuwa ba. Da na iya miƙewa sai na ɗaura gorata, na kafa hulata, na kama hanya.

Na ratsa sahara wadda yashinta ke rera waƙa in an taka shi, har sai da na koyi tafiya da rawa don kada in ɓata amshi. Na shiga wani kurmi inda itatuwa ke tuge saiwoyinsu da azahar su gangara rafi shan ruwa, mutum ya kwanta a inuwa ya farka a tsakar rana. Bayan wahala mai yawa sai na hango wani birni mai ganuwar tagulla a bakin Kogin Shuni. Na ce alhamdu lillahi, na iso.

Ashe Birnin Zankarau ne, ƙasar Sarki Gurnani.

Tun daga ƙofar gari na ga abin mamaki. Kowa ya ɗora hula a rabin kai, ba a sa ba, ba a cire ba. Kowa da takalmi a ƙafa ɗaya. Mai dariya yana yi da gefen baki guda, ɗaya gefen a murtuke. Na tari wani mai tallan gyaɗa na ce, "Malam, lafiya garin nan?"

Ya waiga hagu da dama ya ce, "Baƙo, a nan kullum safiya sarki yana fito da sabuwar doka, kuma dokar yau jiya take kamawa. Shi ya sa muke yin komai rabi-rabi. Duk wadda ta fito, mutum ya ce ai ban yi ba."

Na yi dariya da bakina gaba ɗaya, na ƙara danna hulata har kunne. Gari na wayewa sai ga mai shela yana cewa duk wanda ya sa hula jiya ya yi wa sanƙon sarki ba'a. Kafin in gama hamma dogarai sun yi sama da ni.

A fada na tarar da kujeru uku a jere, sarki guda. Gurnani mutum ne gajere mai tumbi, yana tafe yana haki. Ya hau kujerar farko ya nuna ni ya ce, "Ina ƙarar wannan baƙo!" Ya diro, ya tattare riga, ya ruga kujera ta biyu, ya gyara murya ya ce, "Na ji ƙara, kuma mai ƙara mutum ne mai gaskiya. A ɗaure baƙo shekara goma."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a ji ta bakina ba. Na ɗaukaka ƙara!"

Sai na ga fuskarsa ta yi haske. Ya sake dirowa, ya ruga kujera ta uku, gumi na zuba, ya ce, "An karɓi ɗaukaka ƙara. Alƙalin farko ya cika tausayi. A bar shi a ɗaure har ya mutu."

Kurkukun garin ba ɗaki ba ne. Wata ƙatuwar kuka ce da ta sunkuya a kan kogi, yaɗon duma ya nannaɗe ta, kowane duma ya kai girman ɗakin amarya. Sukan fafe shi ta sama, su zura mutum, su bar shi yana lilo tsakanin sama da ruwa. Da aka jefa ni cikin nawa sai na leƙa ta huda, na ga dumame rututu, kowanne da fuskar mutum a bakinsa.

A damana akwai wata dattijuwa mai suna Tabawa, mai dama fura ce, laifinta atishawa lokacin da inuwar sarki ke wucewa. A haguna akwai wani ƙaton maharbi mai suna Mantau, wanda ya kashe zakin da ya addabi ƙauyensu, sai sarki ya ce ai shi ya riga ya yi mafarkin kashe wannan zaki, don haka an yi masa sata.

Tabawa ta ce, "Ɗan nan, kai kuma me ka yi?"

Na ce, "Inna, hula."

Ta ce, "Allah sarki. Na bayanka ma hula ce, amma shi don bai sa ba."

Zama shiru ba halina ba ne. Da labarai suka ƙare mini sai na koma waƙa, da waƙa ta yi daɗi sai na tashi ina taka rawa a cikin dumana. Duma ya fara lilo, sai na ji wani abu ya ce ƙyas daga sama. Tabawa ta ce, "Tsaya! Sake yi." Na sake. Ta ɗaga kai ta dubi mariƙin duman ta ce, "Ɗan nan, wannan rawar taka ta fi ƙarfin kara." Mantau, wanda bai cika magana ba, ya ce, "In za a yi, a yi tare. Wanda aka bari a baya shi zai sha fushin sarki."

Magana ta bi dumame daga reshe zuwa reshe. Da rana ta take, dogarai sun cika ciki sun mimmiƙe a gindin kuka, sai Mantau ya soma buga cikin dumansa kamar ganga. Na ba da waƙa, jama'a suka amsa. Tsofaffi, mata, malamai, har wani liman da aka ɗaure don ya ja sura mai tsawo, kowa ya kama tsalle. Kukar nan ta yi ta rangaji kamar mai bori. Sai ji kake tum! tum! tum! dumame na faɗawa ruwa. Dogarai suka farka suna ihu, mu kuwa kogi ya riga ya ɗebe mu, muna juyi muna karo da juna, muna dariya har da hawaye.

Ruwa ya yi ta tafiya da mu har ya watsar da mu a wani tsibiri. Muna fitowa sai ga mutane sun yo kanmu, kowanne da rawani kamar rumbu. Ashe mutanen wurin sun taɓa yin azzalumin sarki, suka kore shi, suka rantse ba mai sake yi musu doka, kowa sarkin kansa ne. Na yi murna na ce to ga ƙasar da nake nema. Na buɗe baki na ce wa na gabansu, "Rawanin nan ya fi ƙarfin kanka." Ba wanda ya kama ni. Sai dai ya kwashe ni da mari, ya cire hulata ya sa a aljihu. Wani sarkin ya tuɓe mini riga. Wani ya riƙe hannun Tabawa ya ce daga yau baiwarsa ce. Na ce ina alƙali? Suka yi ta dariya. Can gefe na hango raunanan garin, guragu da tsofaffi, suna leƙowa daga ramuka, su ma da rawunansu.

Na ga abin zai ɓaci, sai na hau kan duma na ɗaga murya: "Ranku ya daɗe baki ɗaya! Mu bayi ne masu biyayya, amma ga babban sarki kaɗai za mu yi mubaya'a. Wane ne babba a cikinku?"

Kowa ya ce, "Ni!" Sai suka dubi juna. Kafin ka ce me, rawuna sun tashi sama, an kacame da kokawa. Mantau ya saɓi Tabawa a kafaɗa, muka gangara da dumamenmu muka koma ruwa, ni ba riga ba hula.

Inda kogin ya gaji ya baje, nan muka tarar da wani tudu mai baƙar ƙasa, ga tsamiya ga ɗorawa, ba kowa sai zabi. Muka fito, muka yi ajiyar zuciya gaba ɗaya, shi ya sa muka sa masa suna Tudun Numfashi. Muka rarraba dumamen biyu-biyu muka kifa su a kan ginin laka, suka zama rufin ɗakunanmu.

Damina ɗaya muka yi cikin daɗi. Ta biyu sai rigima ta tashi a kan iyakar gona da layin rijiya, har aka fasa wa wani kai. Muka taru a gindin tsamiya. Wasu suka ce a naɗa sarki. Da jin kalmar, rabin taron suka miƙe za su koma kogi. Wasu suka ce a bar kowa ya yi yadda ya so, sai na nuna musu shatar marin da ke kumatuna.

Tabawa ce ta raba gardama. Ta ce, "Ku saurara. Shugaba kamar wuta yake a gida. Ba a zama babu ita, amma ba a kunna ta sai an kafa murhu. Mu kafa murhun tukuna, sannan mu nemo wutar."

Muka kwana muka tashi muna wannan aiki, kuma ba wani malami ya zauna ya tsara mana ba. Kowa ciwonsa ya kawo. Mutumin da aka ɗaure don bai sa hula ba ya ce shi dai kada dokar yau ta kama jiya. Liman ya ce kada a taɓa mutum a kan ibadarsa. Ni na ba da labarin kujerun Gurnani, ina kwaikwayon gudunsa har mutane suka faɗi don dariya, aka yarda cewa mai yin doka daban, mai zartarwa daban, mai shari'a daban, kuma kada ɗuwawu ɗaya ya hau kujera biyu. Wata mata da mijinta ya mutu a cikin duma ba tare da an taɓa gaya masa laifinsa ba ta miƙe tana kuka, ta ce duk wanda aka kama a kawo shi gaban alƙali, da jikinsa, kafin rana ta sake fitowa. Ba wanda ya yi musu. Manoma suka ce ba mai taɓa rumbunsu sai majalisar gari ta yarda. Da aka zo kan maganar baki, wani dattijo ya ce a sa iyaka, don irin su Nomau. Aka yi ta ja. Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa ƙage da sharri laifi ne, amma faɗa wa shugaba abin da ba ya son ji ba laifi ba ne.

Da yake yawancinmu ba su iya karatu ba, sai mata suka mayar da wannan alkawari da muka ƙulla waƙar daka. Kowace safiya taɓare na sauka, sharuɗɗan na tashi daga kowane gida, har akuyoyin garin sun kusa haddacewa. Aka zaɓi majalisa daga unguwanni. Aka ba Tabawa shari'a, kujerarta kuwa 'yar kujerar tsuguno ce da take zama a kai tana dama fura. Shugabanci aka ba Mantau, daga kaka zuwa kaka, in an so a sabunta, in ba a so ba ya koma ga bakansa.

Mantau ya yi mulki mai kyau, kuma abokina ne na ƙut da ƙut. Sai shahuna suka zo.

Ban taɓa ganin irinsu ba. Kowane shaho in ya buɗe fiffike sai unguwa guda ta yi duhu, kaji su shiga akurki. Saniya suke sura kamar ɗan tsako. Suka kwashe rabin garkenmu, suka ɗauke rufin masallaci, wata rana har suka sauke ƙafa a kan wani manomi, da ƙyar ya tsira da tsagaggen baya. Mantau ya zo gaban majalisa ya ce, "Ba zan iya yaƙi ina jiran taro ba. Ku ba ni iko in ɗebi hatsi in ciyar da dakaru, in hana fita, in tsare duk wanda ya karya umarni." Muka ce mun ba ka, ni ne ma na fi kowa ɗaga murya. Tabawa kaɗai ta ce, "A ƙara da cewa: har tsuntsayen su tafi." Aka ƙara.

Dabarar da ya yi ta yi kyau. Ya sa aka ɗinke fatun shanu, aka cusa musu dakakken barkono da toka, aka jera su a fili kamar garke na kiwo. Amma shahunan nan ba wawaye ba ne, saniyar da ba ta kuka ba sa kula ta. Sai duk gari suka juyo suka dube ni.

Haka aka ɗinke ni a cikin fatar wani bijimi, an toshe mini hanci da auduga. Na yi kukan shanu iri-iri, na mai neman ɗa, na mai jin ƙishirwa, har na bijimin da aka yi wa ƙwace. Sai na ji iska ta taso, ƙafafuna suka bar ƙasa. Na leƙa ta wajen ɗinki na ga Tudun Numfashi ya koma kamar faifai, ga sauran shahunan kowanne da buhun barkononsa. Suna kai baki suka farke fatun. Jama'a, atishawar shaho ba abin wasa ba ce! Sama ta yi ja, gashin tsuntsu ya yi ta zuba kamar ruwa. Nawa ya yi wata atishawa da ta cilla ni cikin tafki, na fito ina tari ina kukan shanu, don bakin ya saba. Shahuna kuwa suka nausa gabas suna karo da gajimare.

Aka yi biki. Aka ɗauki Mantau a kafaɗa, aka yi masa kirari har muryoyi suka dushe.

Wata ya wuce, wani ya bi. Sama fes, ko hankaka babu. Amma hana fita na nan, dakaru na nan suna ƙaruwa, kullum ana ɗibar hatsi. In majalisa ta nemi zama sai a ce ba lokacinsa ba ne, shahuna na iya dawowa. Kaka ta zo ta wuce ba a yi zancen zaɓe ba. Mantau ya yi ƙiba, ya daina zuwa hira, wasu sababbin fuskoki suka kewaye shi suna ce masa Uban Gari. Mutane suka fara rage murya. Ranar da na ga wani ya ɗora hula a rabin kai sai na tuna Birnin Zankarau.

Ranar kasuwa na hau kan turmi na ce, "Jama'a, ku yi hattara, shaho ɗaya ya rage a garin nan! Ba shi da fiffike, ba ya cin nama, gero yake ci, kuma ana ce masa ranka ya daɗe!"

Kasuwa ta fashe da dariya, sannan kowa ya kama bakinsa. Kafin la'asar ina cikin wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe wanda ban ma san an gina shi ba. Mai gadin ya ce mini an yanke shawara, gobe za a sa ni a kwalekwale ba matuƙi a tura ni kogi, don ina karya zuciyar dakaru. Wannan karon ban yi waƙa ba. Na san abin da ke gaba a kogin: tsibirai babu, sai teku.

Da hantsi sai na ji hayaniya. Na leƙa ta tagar ƙofa, sai ga Tabawa tafe da 'yar kujerarta a ka, rabin gari na biye da ita. Ta dire kujerar a bakin ƙofa, ta zauna, ta gyara zani, ta ce wa mai gadi, "Rana ta fito. Alkawari ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali. Ba ku kawo shi ba, shi ne na kawo muku alƙalin. Fito mini da shi, da jikinsa. Kuma a kira mai ƙara."

Mai gadi ya ce, "Inna, Uban Gari ba ya zuwa kira."

Ta ce, "Ban san Uban Gari ba. Mantau nake kira, maƙwabcina na cikin duma."

Ya zo. Ya zo da dakaru a bayansa, takobi a rataye, fuska ba annuri. Aka fito da ni. Tabawa ta ce ya faɗi ƙararsa. Ya ce an ba shi ikon tsare duk wanda ya raunana gari a lokacin yaƙi, kuma majalisa ce ta ba shi, har da muryar wannan da ke tsaye.

Tabawa ta ce, "Gaskiya ne. Nomau, kana da magana?"

Na ce, "Inna, tambaya ɗaya gare ni." Na juya na dube shi. Ban ce ranka ya daɗe ba. Na ce, "Mantau, kai maharbi ne. Kai ka ce mini maharbi na iya yin ƙarya a kan komai, ban da sawu. To don girman bakanka, yaushe rabonka da ganin sawun shaho, ko kashinsa, ko gashinsa?"

Wani daga cikin na kewaye da shi ya matso yana raɗa masa, amma kowa na ji: "Ranka ya daɗe, ka ba mu izini kawai. Tsohuwa ce da kujerar katako." Na ga hannayen dakaru sun sauka a kan makamai. Na ga mata sun jawo 'ya'yansu baya. Tabawa ko gezau, sai ma ta ciro goro ta ɓantara.

Mantau ya ɗaga kai ya dubi sama, ya daɗe yana dubawa, gabas da yamma, kamar mai roƙon ko da ungulu ce ta gifta. Babu komai sai shuɗi.

Ya ce, "Tun ranar barkono."

Tabawa ta ce, "To ikon da aka ba ka ya bi tsuntsayen tun ranar. Abin da ka ɗiba daga rumbuna bayan nan, za ka mayar. Ɗakin nan za a cire masa ƙofa. Maganar Nomau kuwa ba ƙage ba ce, rashin kunya ce, kuma ba mu hana ta ba. Na sallame shi. Majalisa ta zauna yau ta sa ranar zaɓe."

Mantau ya kai hannu ga takobinsa. Ya zare ratayar daga kafaɗa, ya sunkuya, ya ajiye takobin a gaban 'yar kujerar nan, sannan ya zauna a ƙasa kamar kowa. Ya ce, "Na ji, Inna." Ya juyo gare ni ya ce, "Amma kai, shaho mai cin gero? Duk tsuntsayen duniya ka rasa wanda za ka ce sai wannan?"

Guɗa ta tashi. Dakaru suka rasa abin yi, sai suka shiga rawa su ma. Aka cire ƙofar ƙarfen nan aka ba maƙera suka yi fartanya da ita.

A zaɓen Mantau ya sake tsayawa, ya faɗi. Wata mai saƙar tabarma ce ta ci, Yalwa, mace mai kaifin hankali da son gine-gine. Ya miƙa mata sandar shugabanci a gindin tsamiya, ya ɗauki bakansa ya shiga daji. Ya daɗe ba ya yi mini magana.

Wata ranar kasuwa ina zaune wajen mai tsire sai ga shi da barewa a kafaɗa, ya rame, ya koma Mantau na da. Ya sauke ta, ya zauna kusa da ni ba sallama, ya ɗauki tsinke ɗaya daga gabana. Muna kallon wata gada da Yalwa ta sa aka gina a kan rafi, wadda ta karkace tun kafin a gama.

Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Nomau, wannan gadar ai ko akuya ba za ta yarda ta hau ba."

Na ce, "Me ka ce? Ban ji ba."

Ya dube ni. Sai ya miƙe tsaye, ya cika ƙirji, ya kwarara murya har ƙarshen kasuwa: "Na ce gadar Yalwa ko akuya ba za ta hau ba! Wanda ya ba ta shawara a kai shi ya fara bi!"

Ya tsaya, kafaɗunsa a ɗage, yana waige. Mai tsire ya ci gaba da juya nama. Wani dogari da ke wucewa ya ce, "Wallahi gaskiyarka," ya yi gaba. Daga can rumfar tabarmi sai muryar Yalwa da kanta: "Na ji ka, Mantau! Gobe ka zo majalisa ka faɗa, ka taho da dabarar da ta fi!"

Mantau ya koma ya zauna a hankali. Ya daɗe yana murmushi shi kaɗai, sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai, Nomau. Ashe haka abin yake da daɗi?"

Nan na kawo ku, nan zan sauke ku. Mai tabarma ya naɗe, mai buzu ya kakkaɓe, Allah ya kai kowa gida lafiya.